Inna Mai Gishiri da Kifayen da Suka Shige Yashi

A bayan gidan kifaye, inda jama'a ke zuwa kallon halittun teku ta cikin gilashi, akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe kusa da ɗakin janareta. Shekara talatin da ɗaya ke nan mace ɗaya ce take fara tura wannan ƙofa kowace safiya, da ƙarfe shida da rabi. Takan rataye gyalenta a ƙusa, ta zura takalman roba masu kai wa gwiwa, ta wanke hannu da ruwa zalla, ba sabulu ba man shafawa, don kada wani abu ya bi fatarta ya shiga ruwan kifi. Sai ta bi tankuna ɗaya bayan ɗaya. Ta duba zafin ruwa, ta duba gishirinsa, ta kasa kunne ta ji ko akwai famfon da muryarsa ta canza. Kafin sauran ma'aikata su iso da ƙarfe tara, ta riga ta san wane kifi ne ya tashi da ƙoshin lafiya, wane ne ya maƙale a lungu yana haki.

Inna Mai Gishiri ake ce mata. Garin ba ya kusa da teku, saboda haka ruwan da kifayen ke rayuwa a ciki haɗa shi ake yi da hannu, a zuba gishiri na musamman cikin manyan durom-durom a dama. Ita take wannan haɗi. Har tsokanarta ake yi, wai ko ma'auni ya lalace ba a asara, Inna ta ɗan lashi yatsa ta ce, "Ya yi yawa, a ƙara ruwa bokiti biyu," in aka gyara ma'aunin a tarar haka ɗin ne.

Ba da takardar makaranta ta shigo gidan ba. Da tsumma da bokiti ta shigo, aikinta goge gilashi da share ƙasa. Amma mutum ce mai ido, kuma ba ta jin kunyar tambaya. A hankali aka fara ce mata riƙe wannan, zuba wancan, har aka wayi gari ita ce mai kula da ɗakin killacewa, wato ɗakin da ake ajiye duk sabon kifi na 'yan makonni, a tabbatar ba ya ɗauke da cuta kafin a kai shi cikin sauran. Ɗaki ne mara taga, mai ƙamshin danshi, ba mai kallo da ke shigarsa. A nan ne Inna ta yi abin da ya sa ake wannan jinjina.

Akwai wani ɗan kifi da ke zama a tsakanin duwatsun murjani a tekuna masu ɗumi. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Jikinsa ɗigo-ɗigo ne kamar na damisa, fari da baƙi da ruwan lemo, bakinsa ɗan tsuke. Masana suna kiran danginsa ras. Inna ta ce wanda ya raɗa masa wannan suna ya san aikinsa, don ba kifin da ke sa gabanta ya faɗi ras kamar shi. Sau uku ana kawo irinsa ɗakinta cikin shekaru, sau uku suna ƙarewa kafin mako biyu. Ba su ci, ba su hutawa, sai zagaye da dukan ƙasan tanki har su mutu. Kowa ya haƙura a kan cewa kifi ne mai wuyar sha'ani.

Shekara bakwai da suka wuce, wata ranar Talata da hantsi, motar jami'an kwastan ta tsaya a ƙofar baya. Sun kama wasu akwatuna a filin jirgin sama, an yi fasa-ƙwaurinsu ba takarda, kuma babu inda za a kai abin da ke ciki sai nan. Da aka buɗe, ledoji ne ɗaure da roba, kowace da ɗan ruwa da ya yi ɗoyi, kowace da ras guda. Arba'in da shida ne. Takwas sun riga sun mutu a hanya. Inna ta durƙusa tana kwance ledojin a hankali, tana ɗiga musu sabon ruwa kaɗan-kaɗan don kada canjin ya gigita su, tana cewa, "Sannunku da hanya, sannunku. Allah ya isa tsakaninku da wanda ya yi muku haka."

Likitan dabbobi na gidan, mutum mai natsuwa da bai fi shekara biyu da kama aiki ba, ya sa aka raba su tankuna uku. Dokar ɗakin killacewa a rubuce take a jikin bango: tanki ya zama fayau, ba yashi, ba dutse, don a ga kashin kifi, a kwashe datti, kuma magani ya yi aiki yadda ya kamata. Doka ce mai dalili, ta kuma ceci kifaye da yawa. Aka bi ta. Cikin kwana biyu bakwai suka mutu.

Inna ce mai kwashe gawa, kuma ba ta jefar da kifi sai ta duba shi. Ta ɗora bakwai ɗin a faranti ta kai wa Likita.

"Likita, dubi bakinsu."

Ya gyara tabarau. Leɓen kowanne a ƙuje yake, wasu har ya tsage.

"Ciwon baki ne, Inna. Zan canza magani."

"Ba ciwo ba ne, ɗana. Gilashi suke tona. Wurin kwana suke nema."

Ta gaya masa abin da ta sani. A babban tankin da ke zauren kallo akwai wani ɗan'uwansu guda, wani irin ras na daban, da ya daɗe a wurin. Shekara da shekaru tana goge wannan gilashin da sassafe, kuma duk ranar duniya, da zarar fitila ta kama, sai ta ga yashin ƙasa ya motsa, kai ya leƙo, kifin ya fito yana karkaɗe jiki. A cikin yashi yake kwana. In ya tsorata ma can yake nutsewa. Ma'aikatan da ke zuwa ƙarfe tara ba su taɓa gani ba, don kafin su iso ya daɗe da fitowa.

Likita ya ce ya taɓa karanta haka, kuma maganarta da ƙamshin gaskiya, amma doka ba tasa ba ce, sai Manaja ya yarda. Suka tafi tare. Manaja mutum ne mai son tsari, wanda in ya ga an karkata kujera a ofis sai ya tashi ya daidaita ta. Ya saurare su yana juya biro.

"Inna, ina ganin girmanki. Amma in na bari aka sa yashi, cuta ta ɓuya a ciki ta bazu ta kashe mana kifayen zaure, wa zai amsa? Ke ko ni?"

"Ranka ya daɗe, zan tafasa yashin."

"Ki tafasa, ki soya, doka doka ce. A bar tankuna yadda suke."

Ta ce to, ta fito. Ta koma ɗakinta ta tsaya gaban tankunan. Talatin da ɗaya suka rage. Tana kallo wani ya ja baya, ya taho da gudu ya buga baki a ƙasan gilashi, ya kife, ya tashi ya sake. Ta ji abin har cikin haƙoranta. Shekara ashirin da huɗu tana aiki a lokacin, ba a taɓa rubuta mata takardar gargaɗi ba, kuma ta san abin da saɓa wa umarni ke jawowa. Duk da haka, kafin ta tashi aiki ta shiga sito ta ɗebi yashi mafi laushi da ake da shi, ta tankaɗe da rariya, ta wanke sau bakwai, ta tafasa a tukunyar da ake dafa kayan aiki, ta shanya. Washegari da ta tura ƙofar baya, ta zuba shi cikin faffaɗan robobi, zurfin yatsa guda da rabi, ta sauke roba bibbiyu cikin kowane tanki.

Ba ta gama janye hannu ba na farko ya nutse. Fit, kamar an haɗiye shi. Sai na biyu, sai na uku. Kafin minti goma tankuna uku sun zama ruwa zalla, babu ko jelar kifi.

Da Manaja ya shigo zagayen safe ya ga haka, sai da ya dafa bango.

"Ina kifayen? Inna, ina kifayen hukuma?"

"Suna barci, ranka ya daɗe."

"Barci? A ina?"

Ta nuna robobin. Ya dubi yashi, ya dube ta, fuskarsa ta canza. Ya ce waɗannan kifaye shaida ce a shari'ar da ake yi da masu fasa-ƙwauri, jami'ai za su dawo su ƙirga su, ita kuma ta binne su da ransu. Ya ce a kawo raga a tono su yanzun nan. Inna, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba, ta matsa ta tsaya tsakaninsa da tanki, hannuwanta jiƙe suna ɗiga.

"Yallaɓai, in aka tono su yau, wallahi tsoro kaɗai zai ƙarasa su. Ka rubuta mini duk takardar da za ka rubuta. Amma hannu ba zai shiga ruwan nan ba ina tsaye."

Likita ne ya shiga tsakani. Ya ce hanyar da aka bi sau uku a baya ba ta bar ko ɗaya da rai ba, saboda haka babu abin da za a rasa in aka gwada tata, kuma shi zai sa hannu cewa da saninsa. Manaja ya ba da kwana bakwai. Kafin azahar takardar gargaɗi ta iso, da sharaɗin cewa in kifayen suka mutu a cikin yashi, ta ajiye makullan ɗakin ta tafi gida.

Da yamma ta kai wa mijinta takardar. Baba Tela yana kan keken ɗinkinsa a zaure, ya karanta sau biyu, ya ninke ta daidai kamar yadda yake ninke yadi.

"Yanzu ke, a kan kifin da ko miya ba ya yi, za ki sa a kore ki?"

"Malam, da ka ga bakinsu."

Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau. Ya ce, "Shekara talatin ina zaune da ke, ban taɓa ganin kin kafe a kan ƙarya ba. In sun kore ki, ga kujera nan, ki zo ki riƙa sa mini maɓalli. Amma ki sani ba na biyan mai surutu." Ta yi dariya, karo na farko a ranar.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, yashi bai motsa ba. Ma'aikata suka riƙa leƙowa suna komawa, wasu da tausayi, wasu da murmushin da ta gane ma'anarsa. Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta san in sun fito da yunwa za su fito, kuma kifin da aka kamo daga teku bai san garin abincin gwangwani ba, abin da ke motsi kaɗai yake tsinta. Ta je bayan babban tanki, wajen matatar ruwa, inda wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa ke hayayyafa, ta tara su cikin bokitai tana kiwonsu. Kowace safiya ta sunkuya ta shinshina ruwan tankunan ukun, don ta san warin mataccen kifi ba ya ɓuya. Ruwa lafiya lau. Wannan ne kaɗai abin da ta riƙe.

Rana ta biyar, wajen ƙarfe huɗu na yamma, tana wanke bokiti ta ji kamar an taɓa ta. Ta waiwaya. A tanki na tsakiya, wani ɗan kai ya leƙo daga yashi, ido yana juyawa. Ta daskare da bokiti a hannu. Ya fito rabi, ya fito duka, ya zagaya sau biyu, ya koma. Washegari, ƙarfe huɗu daidai, shida suka fito. A nan ta gane. Ta ruga ofishin Likita ba ko sallama.

"Likita, ba su san an canza musu gari ba! A can inda aka kamo su, yanzu ne gari ke wayewa. Mu muna nemansu da safe, su kuwa tsakar barcinsu ke nan."

Likita ya ajiye abin da yake yi, ya buɗe taswira, ya lissafa bambancin lokaci da yatsa. Ya ɗago ya dube ta, ya ce, "Inna, ni aka tura makaranta, ke kika yi karatun."

Rana ta bakwai Manaja ya zo da ƙarfe goma, tare da jami'an kwastan biyu masu riƙe da takardar ƙirga. Tankuna fayau. Ya miƙa hannu don karɓar makullai.

"Ranka ya daɗe, kwana bakwai ka ce. Ranar ba ta ƙare ba. Ku dawo ƙarfe huɗu."

Ɗaya daga cikin jami'an ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin kifi mai ba da lokacin ganawa ba, kuma don haka kaɗai zai dawo. Labari ya bazu a gidan. Kafin huɗu ta cika, ɗakin da ba ya ɗaukar mutum biyar ya cika har ƙofa: masu shara, mai gadi, mai sayar da tikiti, kowa. Inna ta roƙe su kada wanda ya yi motsi ko tari. Ta rage hasken ɗaki, ta kunna fitilun tankuna a hankali.

Minti biyar, ba komai. Minti goma. Manaja ya duba agogo. Sai yashin tanki na farko ya ɗan tsage. Kai ya leƙo. Wani ya leƙo a gefensa. Kafin a ankara, robobi shida duk sun ɗauki motsi kamar ruwa na tafasa, kifaye suna fitowa suna karkaɗe yashi daga jikinsu, ɗigo-ɗigonsu yana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Jami'in yana ƙirgawa da raɗa, muryarsa tana hawa ba da saninsa ba. Ashirin da bakwai, ashirin da takwas, ashirin da tara. Inna ta ɗebo ƙwarin da ta yi kiwo ta zuba. Wani ɗan ƙarami mai tabo a leɓe ya tsaya, ya karkata kai, ya kai cafka. Ya sake. Sauran suka rufa masa baya.

Mai gadi ne ya fara tafi, ya manta da gargaɗin, sai ɗaki ya ɗauka. Rabin kifayen suka nutse cikin yashi saboda hayaniyar, Inna tana faɗa tana dariya tana share ido da bayan hannu. Washegari na talatin ya fito. Guda ɗaya aka tarar ya mutu, kuma har yau in ta ba da labarin ba ta tsallake shi.

A yaba wa Manaja a nan, domin ba kowane babba ke iya abin da ya yi ba. A gaban kowa ya ce, "Inna, na yi kuskure, ki yafe ni." Ya karɓi takardar gargaɗin ya yaga, ya sa aka sauke dokar bango aka sake rubuta ta. Inna kuma ta riƙa matso da lokacin kunna fitila da rabin awa kowace rana, har cikin mako uku kifayen suka koyi tashi da safe irin ta garin. Ta koya musu cin niƙaƙƙen jatan lande ta hanyar gauraya shi da ƙwarin da suka saba. Ta sa aka yi wa kowane tanki murfin raga, don ta lura in sun firgita tsalle suke yi sama. Da shari'a ta ƙare, hukuma ta bar wa gidan su, aka gina musu tanki a zaure mai shimfiɗar yashi lallausa. Bayan wata takwas, babbar cikinsu ta fara canza launi, ɗigo-ɗigon ya koma kore da shuɗi, har Manaja ya zo yana tambayar wa ya musanya masa kifi. Likita ya bayyana masa cewa haka halittarsu take, in babu namiji a garke, babbar mace ce ke rikiɗa ta zama namijin. Inna ta ce ita tun mako uku ta ga take-takenta, don ta fara korar kowa daga wajen abinci.

Ke ce wannan, Inna Mai Gishiri. Ke ce kika tsaya wa waɗanda ba su da muryar kuka. Ke ce gishiri ya tsattsage wa tafin hannu, gwiwarki ta dama ta daina lanƙwasuwa da sauƙi saboda hawa tsani da bokiti. 'Yan makaranta suna manna hanci a gilashi suna ihun murna, iyayensu suna ɗaukar hoto, babu wanda ya san akwai wata a bayan bango da ta yi kasadar rasa aikinta don wannan kyan gani ya rayu. Ba ki taɓa fitowa kin ce ni ce ba. Tun daga waccan shekara, sau biyar aka sake kawo irin waɗannan kifaye ɗakinki, kuma waɗanda kika rasa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aiki. Ta yi niyyar zama a gida ta huta da jikokinta, amma hutun zai ɗan jira. Likita ya rubuta yadda aka yi a wata mujallar masu kiwon halittun teku, ya ƙi yarda a buga sai an sa sunanta a sama da nasa. Wasu gidajen kifaye a ƙasashen waje suka karanta, suka gwada, suka ga aiki. Yanzu sun aiko suna gayyatarta taronsu, ta tsaya gaban likitoci da masana ta nuna musu da hannunta. Tana da shekara sittin ta yi fasfo na farko a rayuwarta. Da aka gaya mata garin taron a bakin teku yake, ta ce, "Ashe zan gan shi da idona." Baba Tela ya ɗinka mata kaya kala uku, ya ce in ta je ta gaishe masa da kifayen teku, wai dangin surukansa ne.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki, ya kai ki ya dawo da ke lafiya. Ku kuma da kuke aiki a ɗakunan baya, masu riƙe tsintsiya da masu riƙe makulli, ku yi koyi da ita: ku buɗe ido a kan abin da aka ba ku amana, in kun ga gaskiya ku faɗe ta da ladabi, ku tsaya a kanta. Manya kuma, in ƙaramin ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis ya ce ya lura da wani abu, ku ajiye biro ku ba shi kujera.